Ban da Monita

"Ɗaga kanka sama, Baba. Kada ka ƙifta."

Monita ya ɗaga kai, ya kuma ƙifta. Nas ɗin ta riƙe masa fatar ido da yatsa, ta ɗiga maganin a dama, ta ɗiga a hagu, ta miƙa masa auduga.

"Za ka riƙa gani dishi-dishi na ɗan lokaci. Je ka zauna a waje, in ƙwayar idon ta buɗe likita zai kira ka. Kada ka wahalar da kanka da waya, ba za ka ga rubutu ba."

"'Yata, ni da rubutu ai mun rabu tun da na yi ritaya," in ji shi. "Magana nake ɗauka in tura."

Ya lallaba ya fito baranda, ya sami benci ya zauna tsakanin wata tsohuwa mai bandeji a ido ɗaya da wani mutum da ke ta gyangyaɗi. Bai ma gyara zama ba ya zaro waya.

A kwaleji ya samo sunan Monita, shekara hamsin da ɗoriya da suka wuce, lokacin da aka ba shi riƙon alli da rubuta sunayen masu surutu. Ya yi aikin duba makarantu har ya gaji ya ajiye, ya aurar da 'ya'ya, ya ga jikoki, amma har yau bai sauka daga wancan muƙamin ba, tunda babu wanda ya zo ya ce masa ya sauka. Shi ya bi sawun 'yan ajinsu ɗaya bayan ɗaya, ya tono waɗanda suka ɓace, ya tara su a guruf ɗaya a waya. Kullum da safe sai ya tura musu labarai da muryarsa: wanda ya yi jika, wanda jininsa ya hau, wanda ya zame a banɗaki, wanda aka cire wa haƙori, da kuma wane haƙorin ne. Matarsa takan ce gidan rediyo ta aura, sai dai shi wannan ba a san inda ake kashe shi ba. Shi kuwa a ransa ya san in ba don shi ba da tuni ajin ya watse, kowa ya kama gabansa. Kuma a nan kam da gaskiyarsa.

Ya laluba ya danna, ya kai wayar baki.

"Salamu alaikum, 'yan aji. Monitanku ne, yau daga babban asibiti nake magana. Kada kowa ya tayar da hankali, ido ne kawai na kawo, na hagun ya fi damuna. Ina sashen ido yanzu haka, an ɗiga mini wani magani mai zafin tsiya."

Ya yi bayanin maganin, ya yi bayanin layin, ya yaba wa nas ɗin, ya kushe bencin, sannan ya tura. Ya jingina yana jin daɗin ya sauke nauyin safiya.

Duniya kuwa ta fara narkewa a gabansa. Fuskoki suka koma dunƙule-dunƙule, rubutun jikin bango ya haɗe. Ana cikin haka sai ga wata inuwa ta taho daga bakin ƙofa, ƙafafu a gwame, kafaɗar dama a gaba, tana ɗingishi. Wannan tafiyar ko a mafarki ya gan ta zai gane mai ita. Mutum ɗaya ne a duniya ke tafiya kamar har yanzu yana jiran a bugo masa ƙwallo.

"Gola!"

Inuwar ta tsaya cak. Ta yi kamar za ta juya, amma gwiwar da ta haura saba'in ba ta juyawa da gaggawa.

"A'a! Monita! Kai ne a nan?"

"Ba ka ji saƙona ba? Yanzun nan na tura."

"Wayar tana aljihu."

"Me ya kawo ka?"

"Gwiwa. Gwiwar nan ce dai, na zo a duba mini."

"Gwiwar da ka ce mini ta warke?"

"Ta dawo."

Monita ya miƙa hannu don su gaisa, sai hannun ya nutse cikin wani abu mai laushi da Gola ke rungume da shi. Ya shafa, ya matsa.

"Da filo ake zuwa ganin likitan gwiwa yanzu?"

"Bencinsu ne da tauri."

"Wannan fa, ba fulas ba ne?"

"Layinsu da tsawo."

Gola mutumin kirki ne, amma Allah bai ba shi ƙarya ba. Tun a kwaleji in aka yi laifi shi ake fara tambaya, don kafin ya buɗe baki gumi ya riga ya amsa. Monita ba ya ganin gumin, amma yana jin yadda muryar ke rawa. Yana shirin matsa masa ke nan sai aka rangaɗa kira daga bayansu, da muryar da ta tashi mai gyangyaɗin nan.

"Gola! Hawa na nawa aka ce ne? Ni na zaga har ɗakin haihuwa!"

Farfesa ne. Bai taɓa koyar da kowa komai ba, tabarau ne ya jawo masa sunan tun suna aji ɗaya, kayan gyaran mota ya sayar har ya tsufa. Yanzu kunne ya yi nauyi, don haka yana ganin kowa ma kurma ne. Ya ƙaraso da leda cike da lemu da ayaba, ya ga wanda ke zaune a benci, ya yi tsuru-tsuru.

"Shi ma gwiwa ce," in ji Gola da sauri.

"Maƙwabcina ne ba lafiya!" in ji Farfesa a lokaci guda.

Daidai nan wayar Farfesa ta yi ƙara. Da ya bar ta a aljihu da an tsira. Amma shi mutum ne da ba ya barin saƙo ya huce, kuma saboda kunne, wayarsa kullum a lasifika take, an ƙure ta. Ya danna. Muryar mace ta cika barandar, muryar da duk ɗan ajin nan in ya ji ta sai ya gyara wuyan riga. Shugaba ce, shugabar ɗalibai mata ta wancan zamanin, wadda daga baya ta riƙe makarantar 'yan mata shekara da shekaru ba a taɓa jin ko cokali ya ɓace ba.

"Jama'a, a yi hattara! Monita yana cikin asibitin nan, yanzu ya sanar da bakinsa, wai ido ya kawo. Duk mai zuwa wajen Sauro ya bi ta ƙofar baya, ta wajen ɗakin wanki. Kada wanda ya kuskura ya bi ta sashen ido. Gola, da kai nake, na san ba ka duba waya. Farfesa, don girman Allah, in za ka saurari wannan ka kara a kunne."

Saƙon ya ƙare. Tsohuwar nan mai bandeji ta juyo da ido ɗayan da ya rage mata, ta zuba musu shi, ta gyara zama.

Monita ya shafa wayarsa. "Tawa ba ta yi ƙara ba. A ina aka tura wannan?"

"Wani ɗan ƙaramin guruf ne," in ji Gola. "Ba wani abu ba ne."

"Su wa ke ciki?"

"Mu ƙalilan ne."

"Su wa?"

"Kowa!" in ji Farfesa, wanda sai yanzu ya kamo zancen.

"Me sunansa?"

Gola ya kama tari. Farfesa ya dubi Gola, ya dubi ƙasa, ya rage murya iya ƙoƙarinsa, wato dai har ƙarshen baranda ana ji.

"Ban da Monita. Wallahi ba ni na sa ba."

"Tirƙashi!" in ji tsohuwar.

Abin ya yi wa Monita ciwo, ciwo ba kaɗan ba. Ya ji kunya, ya ji haushi, sannan wani abu da ya fi su nauyi ya zo ya danne su duka. Sauro. Da wani ne da da sauƙi. Sauro ne abokin bencinsa, ɗakinsu ɗaya a makaranta, bokiti ɗaya, takalmin fita ɗaya suke karɓa-karɓa. Ramarsa ce ta sa aka sa masa Sauro, daga baya ya yi ƙibar da sai ya karkace yake shiga mota, sunan kuma ya ƙi barinsa. Jiya jiyan nan Monita ya kira shi, ya ce lafiya lau, shayi ma yake sha.

"Me ya same shi?"

Gola ya sauke fulas ɗin a benci. "Ƙari ne a hanji. Yau za a yi masa aiki. Babban aiki ne, Monita."

"Tun yaushe kuka sani?"

"An ɗan jima."

Nas ta leƙo ta kira lambar katinsa, ta ce likita na jira. Monita ya miƙe, ya juya mata baya.

"'Yata, ba wani ya shiga. Gola, ba ni kafaɗarka."

Haka suka hau benen, mai gwiwa yana jan mai ido, mai kunne a baya yana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye shi. A kowace kwana sai Gola ya tsaya ya huta, Monita ya yi karo da bayansa, Farfesa ya yi karo da su duka. Lemu ɗaya ya ɓalle daga leda ya gangara ƙasa, babu wanda ya yi ko tunanin bin sa.

A bakin sashen tiyata Shugaba na tsaye, jaka a hammata. Monita bai ga fuskarta ba, tsayuwar kawai ya gani, ita ma ta isa.

"Wa ya kawo shi?"

"Ke kika kawo ni," in ji Monita. "Da lasifika."

Ta juya ta dubi Farfesa. Farfesa ya shiga gyara ledarsa da kyau.

"To, tunda ka zo ka zo," in ji ta. "Amma ba za ka shiga ba. Mai ciwon ne da kansa ya ce kada a gaya maka."

"Ƙarya ne!"

"Ka taɓa jin na yi ƙarya?"

Bai taɓa ji ba, abin haushin ke nan. Amma ya dake.

"Ni? Ni da na tara ku? Ke kanki wa ya nemo ki? Sai da na bi ta hannun ƙanwar mijin 'yarki kafin na sami lambarki. Yau ni ake wa ƙofar baya? Me na yi muku?"

"Kana so in faɗa?"

"Faɗi!"

"Lokacin da aka yi wa Farfesa aikin basir, wa ya sanar wa duniya?"

"Addu'a na nema masa!"

"Har da girmansa, Monita? Ka ce kamar ƙwan kaza. Allah ya san girmansa, ba sai ka faɗa masa ba."

"Surukina ya kira ni yana mini sannu da zama!" in ji Farfesa cikin ɗacin rai. Wata nas da ke wucewa ta toshe baki da fayil.

"Da auren autata ya mutu," Shugaba ta ci gaba, "a waya na gaya maka, ina kuka, don na ɗauke ka ɗan'uwa. Kafin in sanar da yayana na jini, mutum huɗu sun kira ni da shawara, ɗaya har da tayin ɗansa. Ba mugunta gare ka ba, kowa ya sani. Bakinka ne ba shi da murfi."

Monita ya sunkuyar da kai. Shi a saninsa labari in ya zauna wuri ɗaya ruɓewa yake, in aka raba kuwa kowa ya ɗauki kaɗan sai ya yi sauƙi. Bai taɓa tunanin akwai wanda ke fitowa daga rabon nan da rauni ba.

Ƙofar ɗakin ta buɗe, wata mata ta leƙo. Babbar 'yar Sauro ce, wadda aka haifa a kan idon Monita.

"Baba Monita, ina wuni. Baba ya ji muryarka, ya ce ka shigo. Kai kaɗai."

"Duk asibitin ya ji muryarsa," in ji Shugaba, amma ta kauce. Ta miƙa hannu. "Kawo wayar."

"A aljihuna za ta zauna."

Ɗakin na warin magani. Matar Sauro ta gaishe shi a sanyaye, ta ja 'yarta suka fita. Monita ya laluba ya sami kujera a gefen gado. Abin da yake iya gani kawai shi ne farin zane da tudun mutum a ƙarƙashinsa, kuma tudun bai kai wanda ya sani ba, ko kusa.

"Ja'iri," in ji Sauro. Muryar ta sirance. "Wa ya fasa ƙwan?"

"Farfesa."

"Na faɗa musu. Na ce a cire Farfesa, suka ce a'a, zai ji haushi." Ya fara dariya, ciwo ya katse shi, ya riƙe ciki. "Me ya sami idonka kake kallona kamar mujiya?"

"Magani aka ɗiga mini. Ba na ganin ka sosai."

"Gara haka. An sa mini wata riga mai buɗaɗɗen baya, ko matata ban so ta gani ba."

Monita ya so ya yi faɗa, ya taho da faɗan tun daga ƙasan bene, amma ya neme shi ya rasa.

"Jiya ka ce mini shayi kake sha."

"Shayin nake sha. Shi kaɗai suka bar ni in sha."

"Ni, Sauro? A rasa wanda za a ɓoye wa sai ni?"

Sauro ya gyara kwanciya.

"Su suna zaton saboda basir ɗin Farfesa ne. Na bar su a haka. Ni ina ruwana, ka faɗa wa duniya girman nawa in kana so." Ya numfasa. "Ka ga, da likita ya gaya mini, ji na yi kamar da wani yake. Ya nuna mini hoton, na ce a raina wannan cikin wani ne. Har yau da safe ban yarda ba. Amma na san ranar da na kunna waya na ji ka ce, 'Jama'a, a sa Sauro a addu'a,' to shi ke nan, ta tabbata. Duk wanda muka rasa a ajin nan, daga bakinka na ji. Haka kake farawa, a sa wane a addu'a. Tsoron muryarka nake ji, Monita. Ka ji gaskiyar."

Monita ya matso da kujerarsa. Ya laluba bisa zanen ya kamo hannun abokinsa, ya ji duk ƙashi ne.

"Tsoro nake ji," Sauro ya sake cewa, a hankali. "Ban gaya wa uwar yaran ba."

"Ni ma ba zan gaya mata ba."

"Kai ɗin?"

"Ni ɗin."

"To, za mu gani." Ya matse hannun. "Tunda Allah ya kawo ka, ga aiki. Ko wanne ne ya faru, kai za ka faɗa wa aji. Shugaba in ta yi sanarwa kamar za a kori ɗalibi. Amma da sharaɗi. Sai ya faru. Kafin nan ko tari kada ka tura."

"Na ji."

"In kuma ɗayan ne, don Allah kada ka sa hoton nan nawa na katin ritaya. Na fito kamar an kama ni da akuyar mutane."

"Shi kaɗai gare ni."

"Nemi wani, malalaci."

Ma'aikata biyu suka shigo da gadon turawa, suka ce Baba ya ba su wuri. Monita ya tsaya a baranda tare da sauran, suka ga an wuce da shi. Sauro ya ɗaga yatsu biyu daga ƙarƙashin zane, ƙofa mai murfi biyu ta rufe a bayansa.

Sai zaman jira. Suka jeru a dogon benci: matar Sauro da 'yarta a can ƙarshe, Shugaba, Farfesa, Gola, sai Monita. Filon da Gola ya sha wahalar kawowa ashe ba a buƙata, don haka ya tura wa Monita a baya. Aka zuba shayi a murfin fulas ana miƙawa.

Wanda bai san Monita ba zai ce zama kawai yake yi. Ina! Yaƙi yake. Ga labari mafi girma da ya taɓa shigowa hannunsa, da ɗuminsa, yana da sunan ciwon, ya ga gadon, ya san launin rigar, kuma ga waya a aljihu tana ɗumama masa cinya. Hannunsa ya tafi aljihun da kansa, ya dawo da shi. Ya sake tafiya, ya zauna a kansa. Shugaba na kallon sa ta gefen ido kamar mai tsaron jarrabawa.

Rana ta karkata, idonsa ya fara washewa, har ya soma gane tayil ɗin ƙasa. Sai wayar ta ɗauki ruri.

Injiniya ne, shi ma ɗan ajinsu. Shi a wani gari mai nisa yake zaune wajen ɗansa, ƙaramar waya gare shi mai maɓallai, ba ya cikin kowane guruf. Monita ke kiran sa kullum ya juye masa labarin duniya, shi kuma ya ƙara gishiri ya rarraba wa duk wanda ya samu. Duk suka zuba masa ido. Monita ya ɗauka.

"Monita! Yau shiru, ko lafiya? Tun safe nake zaune da waya a hannu."

"Lafiya lau. Ido na kai asibiti."

"To, me ke akwai? Ba ni in sha."

Monita ya dubi ƙofar nan mai murfi biyu.

"Babu komai."

"Kamar yaya babu komai? Aji guda? Ko wanda ya yi tuntuɓe babu?"

"Babu."

"Gola fa?"

"Gwiwarsa ta dawo."

"Wannan ai ba labari ba ne. Sauro fa? Kwana biyu ban ji ɗuriyarsa ba."

"Barci yake yi," in ji Monita. "Zan kira ka."

Ya kashe. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Gola ya dafa masa gwiwa ya ɗan girgiza. Shugaba kuwa sai ta buɗe jaka ta ɓare alewa ta miƙo masa, irin wadda take ba jikokinta in sun yi abin kirki. Ya karɓa ya jefa a baki.

"Me ya ce?" in ji Farfesa. "Ya faɗa?"

"Bai faɗa ba!" Gola ya yi masa ihu a kunne.

"Kai! To a duba shi, ba shi da lafiya."

La'asar ta yi sanyi kafin ƙofar ta buɗe. Likita ya fito yana sauke abin rufe hanci, ya tambayi iyalin. Duk suka miƙe, kowa da ƙarar gwiwarsa.

"An gode Allah, an cire shi gaba ɗaya. Ya jure sosai. Yana ɗakin farfaɗowa, nan da anjima za ku iya leƙa shi ɗaya-ɗaya. Sauran bayani sai sakamakon gwaji ya fito, amma abin da na gani ya ba ni ƙwarin gwiwa."

'Yar ta rungume uwarta. Gola ya zauna daɓas yana hamdala. Sai da aka maimaita wa Farfesa, shi kuma ya maimaita wa duk hawa na uku.

"Baba Monita," in ji 'yar tana share hawaye, "Baba ya ce kai za ka sanar."

Shugaba ta gyaɗa kai. "Bismilla. A babban guruf. Amma don Allah a taƙaice, kuma ban da girman abin da aka ciro."

Monita ya zaro waya. Tun da aka rufe ƙofar nan yake tsara jawabin a ransa, ya gyara, ya sake gyarawa, akwai godiya, akwai tarihin bokiti da takalmi, akwai jinjina ga likitoci. Ya gyara murya, ya danna ya riƙe.

"Salamu alaikum, 'yan aji. Monitanku ne. Ɗan'uwanmu Sauro..."

Nan muryar ta tsaya. Abin da ya danne tun safe ya taso masa gaba ɗaya, hannun nan mai ƙashi, da yatsu biyun nan. Ya fashe da kuka, kuka na gaske, irin na tsohon da ya manta yadda ake yi, da shessheƙa da jan hanci. Ya kai hannu zai rufe fuska, babban yatsansa ya saki wayar. Ta yi 'yar ƙararta ta an tura.

"Monita," in ji Shugaba a hankali, "me ka tura?"

Ba a daɗe ana jiran amsa ba. Wayar Gola ta fara, ta Shugaba ta karɓa, sai ta matar Sauro. Ta Farfesa kuwa da ya danna sai ga muryar wani tsoho tana rawa a lasifika: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ashe aikin bai yi ba? Yaushe ne jana'iza? Ga ni nan tafe, yanzu zan sa yaro ya fito da mota." Wani ya biyo baya yana cewa zai bi motar asuba. Wata tana kuka tana cewa ai ita tun jiya gabanta ke faɗuwa.

"Na shiga uku," in ji Monita. "Wallahi ban ce komai ba! Kun ji, ko kalma ɗaya ban faɗa ba!"

"Yi maza ka gyara!" in ji Shugaba. "Ka kashe mutum yana numfashi!"

Ya ɗago wayar. Sai matar Sauro ta matso. Tun safe ba a ji maganarta ba sai gaisuwa. Ta tsaya tana sauraren wayar Farfesa, inda ake ta lissafa masu tasowa daga garuruwa, har da waɗanda rabon da a gan su tun gashinsu na baƙi.

"Dakata, Malam," in ji ta. "Shekara nawa yana ce mini yana marmarin ganin 'yan ajinsu wuri ɗaya. In an gayyace su sai su ce gwiwa, su ce hanya, su ce jika ba lafiya. Ba sa tasowa sai an mutu."

"To, kada in gyara?"

"Ka gyara mana. Amma bari su kamo hanya tukuna."

Shugaba ta buɗe baki, ta dubi matar, ta rufe. Monita ya dubi wayar, tana ta haske tana rawa a tafin hannunsa, sunaye na shigowa ɗaya bayan ɗaya, yanzu kam yana iya karanta su tar. Ya share hanci, ya koma ya zauna, ya kife ta a cinya.

"Gola," ya ce, "da sauran shayin nan?"